Me ya sa kundin farko na Depeche Mode bai yi kama da sauran ba?

Tambaya: Ni matashi ne mai koyon haɗa kiɗa da kwamfuta. Ta waƙar "Enjoy the Silence" na san Depeche Mode, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, daga nan na bi kundinsu Violator, na ji daɗinsa ƙwarai. Da na koma kundinsu na farko, Speak & Spell, sai na ji kamar wasu mutane ne daban, kiɗan ba nauyi, kamar na yara. Me ya faru a tsakani? Kuma akwai abin da mai koyo zai tsinta a cikinsa, ko in tsallake shi?

Amsa:

Ƙanena, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Waƙoƙi 11 ne a Speak & Spell kamar yadda ya fito a Ingila a watan Oktoba na 1981, kuma 9 daga cikinsu Vince Clarke ne ya rubuta su. Kafin shekarar ta ƙare ya bar ƙungiyar. Martin Gore, wanda ya rubuta "Enjoy the Silence" da duk sauran waƙoƙin Violator, biyu kacal ya samu ya saka a kundin farko, ɗaya ma ba baiti a cikinta, kiɗa ne zalla. Alan Wilder kuwa, wanda hannunsa ne ya gina wancan sauti mai kauri da ya burge ka, lokacin bai shigo ba tukuna. Suna ɗaya ne, muryar Dave Gahan ɗaya ce, amma ƙwaƙwalwar da ke tuƙa kiɗan daban ce. Duk da haka ba zan ce ka tsallake shi ba. Kai da kake koyon haɗa kiɗa, wannan kundin zai fi yi maka amfani a kan Violator ɗin ma, kuma zan gaya maka dalili.

Su huɗun da suka yi kundin farko, wato Clarke da Gore da Gahan da Andy Fletcher, duka 'yan Basildon ne, wani gari a yankin Essex, gabas da Landan. Yana cikin sababbin garuruwan da gwamnatin Birtaniya ta gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin rage wa Landan cunkoso, aka kwaso ma'aikata da iyalansu, yawanci daga unguwannin gabashin birnin da bama-bamai suka rugurguza. Gari ne na gidaje iri ɗaya da masana'antu a gefe, ba shi da wani tsohon tarihin kiɗa da yaro zai jingina da shi. Clarke da Andy Fletcher sun shaƙu tun suna yara a ƙungiyar matasa ta coci, Gore kuma makarantarsu ɗaya da Fletcher. A 1980 su uku suka kafa ƙungiya mai suna Composition of Sound. Clarke ne ke rera waƙa, amma ba ya son tsayawa a gaba, sai ya ji Gahan yana rera "Heroes" ta David Bowie a wani wurin atisaye, ya jawo shi. Daga nan suka sauya suna, suka ɗauko Depeche Mode daga wata mujallar kayan ado ta Faransa. Lokacin da kundin ya fito babbansu, Clarke, shekararsa 21, ƙaraminsu Gahan 19. A farkon tafiyar Gore ma'aikacin banki ne a Landan, Fletcher kuma yana aiki a kamfanin inshora. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake saurare: abin da ka kira na yara, kusan yaran ne suka yi shi.

Me ya kai su ga sintesaiza, wato na'urar nan mai maɓallai irin na fiyano da ke ƙera sauti da lantarki? A ƙarshen shekarun 1970 abubuwa biyu suka haɗu. Guguwar kiɗan punk ta koya wa matasan Ingila cewa ba sai ka shekara goma kana koyon jita ba kafin ka hau dandamali. Sannan kamfanonin Japan irin su Yamaha da Korg da Roland suka fara fito da ƙananan sintesaiza da ma'aikacin banki zai iya tara albashi ya saya, alhali a da na'urar sai manyan masu kuɗi da jami'o'i. Kraftwerk ta Jamus ta riga ta nuna cewa ana iya yin waƙa da inji zalla. A 1979 Gary Numan ya hau matsayi na 1 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya da "Are 'Friends' Electric?", a shekarar kuma ƙungiyar OMD (Orchestral Manoeuvres in the Dark) ta fitar da "Electricity", wadda Clarke ya sha faɗa cewa ita ta karkato da shi. Ga kuma sauƙin ɗauka. Ba ganguna, ba manyan lasifikoki, kowa ya rungumi na'urarsa a hammata. Ranar da aka fara gayyatarsu shirin talabijin na Top of the Pops a 1981, jirgin ƙasa suka shiga da kayansu a hannu.

To ga abin da nake so ka tsaya a kansa. Sintesaiza ɗin da suke da su a lokacin, irin Moog Prodigy na Fletcher da Yamaha CS-5 na Gore, amo ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda. Ko ka danna maɓalli uku, ɗaya za ka ji. Kai yanzu a kwamfutarka kana shimfiɗa amo huɗu ko biyar a tare, ka ja su su cika ko'ina, ka ɗora waƙa a sama, ko karin waƙar ba shi da ƙarfi shimfiɗar ta rufa masa asiri. Su ba su da wannan mafaka. Dole kowane mutum ya riƙe layi guda: ɗaya ya riƙe na ƙasa mai kauri, ɗaya ya riƙe babban karin da kunne zai kama, ɗaya ya riƙa amsa masa a tsakanin gaɓoɓi. Idan layukan uku suka gamu daidai, sai kunne ya ji cikar da babu na'urar da ta buga ta ita kaɗai. Idan kuwa layi ɗaya ya yi rauni, a fili yake, kowa zai ji. Wannan takura ita ta sa Clarke ya zama gwanin ƙirƙirar gajeren kari da ke maƙalewa a kai. Saurari farkon "Just Can't Get Enough". Layi ɗaya ne, ɗan yaro zai iya bugawa da yatsa guda, amma yau sama da shekara 40 ana rera shi, har magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Celtic a Glasgow sun mayar da waƙar tasu a filin wasa. Rubuta irin wannan layi ya fi tara sautuka hamsin wuya, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban na'ura yana neman kari ya san haka.

Ba su tsira daga gori ba. 'Yan jaridar kiɗa da yawa na ganin wanda bai riƙe jita ko sandar ganga ba bai isa a kira shi makaɗi ba, wai injin ne ke yin aikin. A 1982 ma reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Birtaniya ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da sintesaiza da injin ganga, don tsoron kada su raba mutane da abincinsu. Mu nan mun san irin wannan gardama, domin da fiyano ta mamaye waƙoƙin finafinan Hausa haka aka yi ta cewa ba kiɗa ba ne tunda ba kalangu ba kukuma. Amsar a wurina ɗaya ce a can da nan: inji ba ya ƙirƙirar kari, mutum ne ke zaɓar abin da zai buga.

Mutum na biyar da ya kamata ka sani shi ne Daniel Miller. A 1978 ya fitar da faifai shi kaɗai daga ɗakinsa da sunan The Normal, ya buɗe ɗan ƙaramin kamfani mai suna Mute don sayar da shi. Burinsa ya ga ƙungiyar matasa da ke yin waƙoƙin rawa da sintesaiza zalla, har ya ƙirƙiro wata ta bogi mai suna Silicon Teens, wadda shi ne ke buga komai a cikinta. A ƙarshen 1980 ya je wani gidan wasa mai suna Bridge House a unguwar Canning Town don kallon mawaƙinsa Fad Gadget, sai ya tarar da yaran Basildon suna share fage. Abin da ya ƙaga a kansa ne ya gani a tsaye. Manyan kamfanoni sun yi zawarcinsu da kuɗi masu tsoka, amma suka zaɓi Miller, kuma ba takarda suka sa wa hannu ba, musafaha suka yi a kan za a raba riba biyu daidai, su kuma ke da ta cewa a kan abin da za a fitar. Shekaru suka yi a haka. Ina ganin wannan zaɓi shi ne mafi muhimmanci a duk tarihinsu, kuma za ka ga dalili idan mun zo kan tafiyar Clarke.

An ɗauki kundin a situdiyon Blackwing, cikin ginin wata tsohuwar coci a kudancin Landan, tare da injiniyoyi Eric Radcliffe da John Fryer, a kan tef mai layi 8. Ka yi tunanin layi 8: ganga, kiɗan ƙasa, kari biyu ko uku, murya da 'yan amshi, shi ke nan wuri ya cika. Miller ya kawo tasa babbar na'urar, ARP 2600, da wata mai jera amo 16 tana maimaita su ba kuskure. Da ARP ɗin yake ƙera bugun babbar ganga daga tushe, yana murɗa maɓallai har ya samu dukan da yake so. Shi ya sa gangar kundin ke da wani tauri da ba irin na injin ganga na kanti ba. Clarke ba shi da aikin yi a lokacin, don haka shi ke wuni a situdiyo tare da Miller yana koyon kowace na'ura, Gore da Fletcher kuwa sai sun tashi daga ofis su iso da yamma. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kundin na wane ne. Sunan kundin daga wani abin wasan yara na kamfanin Texas Instruments aka ɗauko shi, mai magana yana koya wa yara haɗa baƙaƙe. Hoton bangon, wani farin tsuntsun ruwa a naɗe cikin leda, aikin Brian Griffin ne.

Kasuwa ta karɓe su da sauri. "Dreaming of Me" ta fito a Fabrairun 1981 ta tsaya a matsayi na 57, "New Life" ta kai na 11, "Just Can't Get Enough" ta kai na 8, kundin kansa ya kai na 10. Ga ɗan ƙaramin kamfani irin Mute wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle a shekarar da The Human League suka fitar da Dare, Soft Cell kuma suka mamaye ko'ina da "Tainted Love".

In ka tambaye ni ra'ayina a kan waƙoƙin, ba duka ne suka tsaya da ƙafarsu ba. "What's Your Name?" ba ta da abin da za a riƙe, Gore da Fletcher da kansu sun taɓa ambata ta a matsayin wadda suka fi ƙi a duk waƙoƙinsu. "Boys Say Go!" da "Nodisco" kiɗan rawa ne na zamaninsu, sun tsufa tare da shi. Kalmomin Clarke a lokacin yawanci don daɗin furuci ya jera su, ba don su ba da wani labari ba, kada ka wahalar da kanka neman zurfi a inda babu. Amma akwai uku da nake so ka saurara da kunnen mai sana'a. "Photographic" tana da duhu da sanyi, layin ƙasanta yana gudu ba hutawa, kuma ita ce ta fi kusa da Depeche Mode ɗin da ka sani. "Puppets" a hankali take tafiya, karinta mai daɗi, maganarta kuma ta wani abu ce da ya mallaki mutum yana juya shi, jigon da Gore zai shafe shekaru yana komawa kansa. Sai "Any Second Now (Voices)", inda aka fara jin muryar Gore shi kaɗai, siririya mai rawa, wadda daga baya ta zama kishiyar muryar Gahan mai kauri. Rabon aiki tsakanin waɗannan muryoyi biyu yana cikin abin da ya riƙe ƙungiyar har yau, kuma a nan ya fara.

Sai Clarke ya tafi. Bai ji daɗin abin da shahara ta zo da shi ba: hira da 'yan jarida, ɗaukar hoto, yawon wasa gari-gari, alhali shi situdiyo yake so. Ya kammala rangadin da aka riga aka shirya, ya yi sallama. Bai faɗi ƙasa ba. Ya haɗu da Alison Moyet, ita ma 'yar Basildon, suka kafa Yazoo, waƙarsu "Only You" ta kai matsayi na 2 a 1982. A 1985 ya kafa Erasure tare da Andy Bell. Idan kana son jin inda salon Speak & Spell ya dosa da a ce ya ci gaba, kundin Yazoo na farko, Upstairs at Eric's, za ka nema, ba kundin Depeche Mode na biyu ba.

Jama'a da dama sun ɗauka tasu ta ƙare. A nan musafahar da suka yi da Miller ta yi rana. Babban kamfanin da ya zuba kuɗi a kan ƙungiya, ya wayi gari marubucinta ya tafi, ko ya sallame ta ko ya ɗauko mata marubuta daga waje ya tilasta mata maimaita abin da ya yi kasuwa. Miller bai yi ko ɗaya ba, ya bar Gore ya koyi aikin a idon duniya. Gore ya zaro waƙoƙin da ya rubuta tun yana ɗan makaranta, cikinsu har da "See You", wadda ta kai matsayi na 6, sama da duk abin da suka yi da Clarke. Kundi na biyu, A Broken Frame na 1982, su uku suka yi shi, kuma ana jin rashin tabbas a cikinsa, ƙafa ɗaya a salon Clarke, ɗaya tana laluben sabuwar hanya. Ba shi ne mafi kyau ba, amma ba don an bar su sun yi shi ba da ba a kai ga sauran ba.

Alan Wilder ya shigo ta hanyar tallar neman makaɗi da suka saka a jaridar Melody Maker. Sun ce kada a wuce shekara 21, shi yana da 22, sai ya rage. Ɗan Landan ne, ya koyi fiyano tun yana ƙarami, ya kuma san aikin situdiyo. Da farko ɗan rakiyar rangadi ne, daga baya ya zama cikakken ɗan ƙungiya. Zuwansa ya zo daidai da fitowar na'urorin da ke naɗar kowane irin sauti su mayar da shi abin bugawa a kan maɓallai, irin su Emulator da Synclavier. A kundin Construction Time Again na 1983, tare da injiniya Gareth Jones, suka fita da rakoda zuwa wani kangon filin jirgin ƙasa a gabashin Landan suna dukan ƙarafa da bututu suna naɗa. Waƙar "Pipeline" da irin waɗannan sautuka aka gina ta. Tasirin ƙungiyoyin Jamus masu kiɗa da ƙarfe, irin Einstürzende Neubauten, a bayyane yake, kuma a situdiyon Hansa da ke Berlin ta Yamma, dab da katangar da ta raba birnin, aka tace kundin. Suka kafa wa kansu doka a waɗannan shekaru: ba sa son amfani da sautin da ya zo a shirye cikin na'ura, sai wanda suka ƙera da kansu. Wannan ɗabi'a daga Miller da ARP ɗinsa ta samo asali, tun a Blackwing.

Kalmomin Gore ma suka canza. "Everything Counts" a kan haɗamar 'yan kasuwa take, "People Are People" ta 1984 a kan ƙiyayya tsakanin mutane, ta kai na 4 a Birtaniya, ta 1 a Jamus ta Yamma, daga baya ta 13 a Amurka. Daga Black Celebration na 1986 ya koma kan abin da ya fi iyawa: sha'awa, laifi, nadama, imani da shakka, yawanci a cakuɗe cikin waƙa guda. A shekarar ne kuma mai ɗaukar hoto ɗan Holan, Anton Corbijn, ya fara yi musu bidiyo, ya raba su da kamannin 'yan samarin talabijin, ya ba su baƙi da fari da aka san su da shi.

Wani abin lura shi ne a gida Ingila an daɗe ana kallonsu da idon 1981. Wanda ya gan su a talabijin suna tsalle da "Just Can't Get Enough" ya ƙi yarda sun girma, kuma har yau ba su taɓa samun waƙar da ta hau na 1 a Birtaniya ba, na 4 ne iyakarsu. A waje kuwa ba wanda ya ɗora musu wannan tarihi. A Jamus sun zama manya. A ƙasashen gabashin Turai na bayan labulen kwaminisanci matasa sun riƙe su kamar addini, sun yi wasa a Budapest da Warsaw a 1985, sannan a Berlin ta Gabas a watan Maris na 1988, lokacin da ƙungiyoyin Yamma kaɗan ne ke samun shiga. A Amurka gidajen rediyon jami'o'i da tashar KROQ ta Los Angeles suka yi ta yaɗa su. Ranar 18 ga Yuni 1988, a wasa na 101 kuma na ƙarshe na rangadin Music for the Masses, sama da mutum 60,000 suka cika filin Rose Bowl a Pasadena. D. A. Pennebaker ya ɗauki fim ɗin wannan tafiya, mai suna 101. Ka kalle shi ko don ka ga yadda mutum uku a bayan na'urori da mawaƙi ɗaya ke juya filin ƙwallo, abin da aka ce sai masu jita ke iyawa. Masu kiɗan techno na farko a Detroit, irin su Derrick May, su ma sun ambace su cikin waɗanda suka saurara.

Yanzu mu zo kan waƙarka. Gore ya kawo "Enjoy the Silence" a matsayin waƙa mai sanyi, murya da wata 'yar ƙaramar fiyano mai iska kawai, ba ganga. Wilder da furodusa Flood suka ce a ƙara mata sauri a mayar da ita ta rawa. Gore bai so ba da farko, daga baya ya yarda ya ɗora ɗan layin jitar nan. Ka sake saurarenta yau, ka cire hankalinka daga shimfiɗar da ke baya. Me ya rage? Layin ƙasa guda mai maimaituwa, layin jita guda da ake bugawa amo ɗaya bayan ɗaya, da murya. Tsarin Speak & Spell ne, an sa masa tsoka. Haka "Policy of Truth", haka "World in My Eyes". Clarke ya tafi da salonsa, amma tarbiyyar da ƙananan na'urorin nan suka yi wa ƙungiyar, ta cewa kowane layi sai ya iya tsayawa shi kaɗai, ba ta tafi ba. Waƙar ta kai na 6 a Birtaniya, na 8 a Amurka, ta kuma ci kyautar Brit a 1991. Ita kuwa "Personal Jesus", tunda sunanta kan sa mutane tambaya, ba waƙar ibada ba ce. Gore ya ce littafin Priscilla Presley a kan zamanta da Elvis ne ya ba shi tunanin, wato yadda mutum ke mayar da masoyinsa abin dogaronsa gaba ɗaya. Johnny Cash ya sake rera ta a 2002.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Songs of Faith and Devotion na 1993 ya hau na 1 a Birtaniya da Amurka a tare, kuma a wurina yana kafaɗa da kafaɗa da Violator, amma an yi shi cikin rashin jituwa, suna zaune gida ɗaya a Madrid ba sa ko son ganin juna. Gahan ya faɗa shan hodar heroin, Gore giya ta kama shi, Fletcher ciwon damuwa ya sa bai ƙarasa rangadin ba, rangadin da ya ɗauki fiye da shekara har ya kai su Afirka ta Kudu a 1994. A Yunin 1995 Wilder ya fita, yana cewa aikin ya fi yawa a kansa kuma ba a yaba masa yadda ya kamata. Ina ganin yana da gaskiya, kuma ina ganin ba su sake samun wanda ya cike gurbinsa ba. A Mayun 1996 zuciyar Gahan ta tsaya na kusan minti biyu a Los Angeles saboda ƙwaya ta yi masa yawa, ma'aikatan agaji suka ceto shi. Ya shiga magani ya daina, suka fitar da Ultra a 1997, ya hau na 1 a Birtaniya.

Daga nan tafiyar ta daidaita: kundi duk bayan shekara huɗu ko makamancin haka, kowanne da furodusa daga waje yana yin aikin da Wilder ke yi a da. A Playing the Angel na 2005 Gahan ya fara saka nasa waƙoƙin, kuma shi ne na fi so a cikin na baya-bayan nan. Gore da Clarke sun sake haɗuwa a 2012 suka yi kundin kiɗa zalla da sunan VCMG, shekara 30 bayan rabuwa. An shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2020, har da Clarke da Wilder. Fletcher ya rasu ranar 26 ga Mayu 2022 yana da shekara 60, sakamakon tsagewar babbar jijiyar zuciya. Mutane kan raina rawar da ya taka don ba ya rubuta waƙa, amma shi ne ya daɗe yana kula da harkar kuɗi da hulɗar ƙungiyar, shi ne kuma mai shiga tsakanin Gore da Gahan. Su biyun suka fitar da Memento Mori a 2023, kundi na 15.

Ga abin da zan ba ka a matsayin aiki. Buɗe manhajarka, ka taƙaita kanka a layi 8, ka saita kowace na'ura ta riƙa fitar da amo ɗaya a lokaci guda, ka hana kanka duk wata shimfiɗa. Ɗauki "New Life" ko "Puppets" ka kwaikwayi layukanta ɗaya bayan ɗaya da kunne, ka lura da inda kowane layi ke yin shiru don ya bar wa ɗan'uwansa wuri. Bayan nan ka gwada rubuta taka a cikin wannan takura. Za ka gane da wuri ko karinka na da ƙarfi ko kuwa ado ne ke ɗauke da shi.

Wajen nema kuma ka kula, kundin iri biyu ne. Na Amurka, wanda kamfanin Sire ya fitar, ya saka "Dreaming of Me" ya cire "I Sometimes Wish I Was Dead", kuma wasu waƙoƙin an sauya musu tacewa. Na Ingila shi ne yadda suka tsara shi, da shi za ka fara. Sannan ka nemi "Ice Machine", wadda ke bayan faifan "Dreaming of Me" ba ta shiga kundin ba, da kuma "Photographic" ta farko da ta fito a kundin haɗaka na Some Bizzare Album a farkon 1981. Ta fi ta cikin Speak & Spell sauri da kaushi, kuma ni ita na fi so.